Namatjira, Mai Zanen Duwatsu

Ya ku 'yan makaranta masu karanta wannan shafi, yau ina so in ba ku labarin wani mutum wanda ƙasarsu ke can ƙetaren teku, nesa da mu ƙwarai, amma duk sa'ad da na ɗaga kai na dubi duwatsun garinmu Dutse sai ya faɗo mini a rai. Sunansa Albert Namatjira. Baƙar fata ne, mutumin Ostareliya, sana'arsa kuwa zana surar ƙasa, watau duwatsu da itatuwa da kwazazzabai da busassun koguna. Da wannan sana'a ya sami suna da dukiya har ya gana da Sarauniyar Ingila, ta dalilinta kuma ya gamu da baƙin cikin da ya raka shi kabari. A labarinsa akwai abin koyi, akwai kuma abin tsoro, shi ya sa na ga ya kamata ku ji shi tun kuna da sauran ƙuruciya.

Ƙasar da aka haife shi

In kun buɗe taswirar duniya kuka dubi kudu maso gabas, can bayan ƙasar Hindu, za ku ga wata babbar ƙasa wadda teku ta kewaye ta ko ta ina. Ita ce Ostareliya. Girmanta ya yi kamar Nijeriya takwas, amma yawancin mutanenta a gaɓar teku su ke zaune, gama tsakiyarta hamada ce, jar ƙasa da duwatsu da ƙarancin ruwa. Turawan Ingila sun fara zama a cikinta a shekarar 1788. Ba kango suka tarar ba. Sun iske mutane baƙaƙe waɗanda kakanninsu ke zaune a wurin tun fiye da shekara 50,000. Na tsakiyar ƙasar farauta su ke yi, da haƙar saiwa da tsinkar 'ya'yan itace, kowane dangi kuwa yana da duwatsunsa da tafkunansa da ya gada, kowane dutse da sunansa da labarinsa, uba ya koya wa ɗa, ɗa ya koya wa jika. Da Turawa suka kutsa ciki da shanunsu da tumakinsu, sai suka mamaye wuraren ruwa, masu ƙasa suka koma 'yan rakiya a gidan ubansu.

A cikin 1877 waɗansu Jamusawa 'yan mishan suka kafa zango a bakin wani kogi da a ke kira Finke, kamar mil 80 yamma da inda garin Alice Springs ya ke. Suka sa wa zangon suna Hermannsburg, masu ƙasa kuwa, watau kabilar Aranda, suna kiran wurin Ntaria. Kogin nan irin namu ne na rani, yashi ne shimfiɗe, sai an yi ruwa mai yawa ya kan kawo. A nan aka haifi Namatjira ran 28 ga watan Yuli, 1902. Iyayensa suka raɗa masa Elea, da suka shiga addinin Kirista a 1905 aka sa masa Albert.

Ya yi karatu a makarantar mishan. Da ya kai shekara 13 sai dattawan kabilarsu suka tafi da shi daji wata shida, suka koya masa al'adun kakanninsa da sunayen wuraren da ya gada. Kun ga ke nan ilmi biyu ya ɗauka, kamar yadda da yawa daga cikinku ke ɗaukar allo da asuba, hantsi ya yi ku ɗauki littafin boko. Yana wajen shekara 18 ya auri wata yarinya wadda daga baya aka sa mata suna Rubina. Bisa ga al'adarsu ba ta cikin waɗanda ya halatta ya aura, saboda haka ya bar gida shekaru, ya shiga aikin jan raƙuma. Kada ku yi mamakin jin raƙumi a Ostareliya. Turawa ne suka kawo su a jirgin ruwa, tare da masu kora su, Musulmi daga Afganistan da ƙasar Hindu, su ne fataken hamadar kafin jirgin ƙasa ya isa Alice Springs a 1929. A cikin wannan yawo Namatjira ya taka ƙasar da ƙafarsa, ya ga kowane dutse da safe, ya gan shi da azahar, ya gan shi da almuru. Da ya komo mishan ya yi ƙira, ya yi sassaƙa, ya yi kiwo.

Wajen ƙarshen shekarun 1920 aka yi wani mugun fari a ƙasar. Yara da yawa suka mutu a Hermannsburg da ciwon da rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace ke kawowa. Limamin mishan ɗin, Fasto Albrecht, ya ga ba dama sai an samo wa mutane abin sayarwa, sai ya sa su aikin hannu. Namatjira ya kan sare itace, ya goge shi sumul, ya sa ƙarfe a wuta ya yi ja, ya ƙona zane a kansa, daidai yadda masu zanen ƙwarya ke yi a kasuwanninmu. Tun a nan aka fara gane hannunsa dabam ne.

Yadda ya koyi sana'ar

Akwai wani Bature mai suna Rex Battarbee, wanda aka yi wa mummunan rauni a Faransa a 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Ya daɗe a asibiti, ya fito ba shi da ƙarfin aikin gona, sai ya koyi zane. A 1934 shi da abokinsa John Gardner suka zo Hermannsburg, suka rataya zane-zanen da suka yi na duwatsun wurin a ɗakin makaranta, mutanen Aranda suka yi ta shiga kallo. Ku tuna, su ma suna da nasu zane tun fil azal, amma nasu da'irori ne da layuka, kamar yadda shaho zai ga ƙasa daga sama. Ga shi yau sun ga dutsen kakansu tsaye a kan takarda, da launinsa da inuwarsa, kamar mutum ya leƙa ta taga. An ce Namatjira ya daɗe yana dubawa, ya tambayi nawa a ke sayensu, da aka gaya masa sai ya ce shi ma zai iya.

Da Battarbee ya komo a 1936, sai suka yi ciniki. Namatjira zai ja masa raƙuma ya nuna masa hanya, shi kuwa ya koya masa zane. Suka fita sau biyu, kowace fita wata guda, cikin duwatsun da a ke kira MacDonnell. Wata biyun nan su ne dukan makarantar zanen da ya yi a duniya.

Irin zanen da ya koya shi ne na fentin ruwa, ina so kuwa ku san wuyarsa don ku san girman abin da ya yi. Launin ƙanƙare ya ke a 'yan gurabu cikin akwati, sai a jiƙa buroshi a shafo shi a ɗora a takarda. Ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa, saboda haka in an yi kuskure ba ya ɓoyuwa. Ba a kuma shafa fari. Duk inda a ke son fari, sai a bar takardar yadda ta ke a kewaye wurin. Dole mai zane ya fara da launi mai haske, ya bari ya sha iska, sa'an nan ya bi da mai duhu, watau tun bai ɗiga kome ba ya riga ya gama surar a zuciyarsa. A hamada kuwa zafi kan busar da ruwan tun buroshi bai gama tafiya ba. Mai nawa ba ya wannan aiki, mai gaggawa ma ba ya yinsa.

Battarbee ya koya masa riƙon buroshi da haɗa launi. Amma Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Abin da Namatjira ya zo da shi daga gida, ba Baturen da zai iya koya masa, shi ne sanin ƙasar. Ya san dutsen da ke kusa ja ne kamar garwashi, na bayansa ya fi shi dushewa, na can ƙarshen gani kuwa shuɗi ne kamar an tsoma shi a baba, domin iskar da ke tsakani ita ke rina shi. Ya kan sa wata farar bishiya a gaba, dangin itacen turaren nan da a ke dasawa a bakin hanyoyinmu, amma ita jikinta fari fat kamar an shafa mata alli. Ba ya zana ta a miƙe sumul. Sai ya nuna inda wuta ta taɓa lasarta, da inda reshe ya karye ya warke, har mai kallo ya ji kamar wata tsohuwa ya ke gani wadda ta sha duniya.

Suna da dukiya

A 1938 aka baje zanensa guda 41 a birnin Melbon, cikin kwana uku aka saye su sarai. A lokacin ne ya fara haɗa sunan ubansa da nasa in zai sa hannu, gama Namatjira sunan mahaifinsa ne. A 1939 gidan ajiye zane na gwamnati da ke birnin Adelaide ya sayi ɗaya. Daga nan sai kasuwa ta buɗe. Aka yi ta buga surorinsa ana ratayawa a gidaje da makarantu da ofisoshi, har ya zamana Turawan bakin teku da yawa, waɗanda ba su taɓa taka tsakiyar ƙasarsu ba, da idon wannan baƙin mutum suka fara ganinta. A 1953 aka ba shi lambar naɗin Sarauniya Elizabeth, a 1954 aka kai shi Kanbera, babban birnin ƙasar, ya gana da ita. A 1956 wani gwanin zane mai suna William Dargie ya zana surar Namatjira kansa, surar nan kuwa ta ci babbar kyautar ƙasar da a ke kira Archibald. 'Ya'yansa maza da danginsa suka koya a wurinsa, Hermannsburg ta zama garin masu zane.

Amma ba kowa ya yaba ba. Waɗansu masana na birni suka ce ai kwaikwayo ne kurum, ya bar zanen kakanninsa ya ɗauki na Turawa, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Wannan magana ta daɗe tana cina, domin mu ma an sha jifanmu da irinta. Ni dai ga abin da na gani. Takarda ta aro ce, buroshi na aro ne, amma idon ba na aro ba ne, ƙasar ma ba ta aro ba ce. Bai zana Landan ba, bai zana tekun Sidni ba. Wuraren da ya gada wajen ubansa da uwarsa su ya yi ta zanawa har ya mutu, ya koma wa dutse guda sau da yawa kamar mai ziyarar dangi. Haruffan nan da na ke rubuta muku da su daga Turawa muka karɓa, na ajami kuwa daga Larabawa, amma wa zai ce maganar da ke cikinsu ba Hausa ba ce?

Gaba damisa, baya siyaki

To, ga inda labarin ya juya. A zamanin nan dokar ƙasar ba ta ɗauki baƙaƙen yankinsu a matsayin cikakkun 'yan ƙasa ba. Gwamnati ce waliyyinsu, kamar marayu, ita ke faɗin inda za su zauna da inda za su je. Namatjira yana biyan haraji kan abin da ya samu, amma da ya nemi filin kiwon shanu a 1949, aka fara yarda, sa'an nan aka janye. A 1951 ya nemi ya gina gida a Alice Springs, aka hana, gama doka ba ta yarda irinsa su kwana cikin garin ba. Mutumin da zanensa ke rataye a gidajen manya, sai ga shi a bukkar kwano a wani fage bayan gari da a ke kira Morris Soak.

Dukiyar ma ba ta zauna ba. A al'adar Aranda abin da mutum ya samu na dangi ne duka, ba a ci a hana. Mutane ɗaruruwa suka rataya a wuyansa. Wannan ba sai na yi muku dogon bayani ba, kowa a cikinku ya san gidan da albashin mutum guda ke ciyad da zuriya, ya kuma san ba rowa ce maganin abin ba, ba kuwa almubazzaranci ba.

Jaridu suka yi ta kuka kan yadda a ke wulakanta shi. Saboda haka a 1957, sa'ad da gwamnati ta rubuta sunayen baƙaƙen yankin fiye da 15,000 a littafin waɗanda ta ke riƙo, sai ta tsame sunansa da na matarsa. Suka zama 'yan ƙasa, suna iya jefa ƙuri'a, suna iya zama inda suka so. Amma 'ya'yansu da danginsu suna nan cikin littafin. Ku duba wannan kyauta da kyau. An ba shi izinin kwana a gari, an hana 'ya'yansa su kwana tare da shi. An halatta masa sayen giya, alhali laifi ne babba a ba wanda ke cikin littafin, ga kuma al'ada ta ce abin da ke hannunka na ɗan'uwanka ne. Aka raba shi da mutanensa a takarda, ba a kuwa karɓe shi cikin Turawa ba.

Giya fa ba ta shiga wuri ta bar shi lafiya. Shaye-shaye da faɗace-faɗace suka yawaita a Morris Soak, har a 1958 aka kashe wata mace a wurin. Ba shi ya kashe ta ba, amma alƙali ya ɗora masa laifin shigowar giya zangon. Ba a daɗe ba aka kama shi kan wani ɗan'uwansa, mai zane kamarsa, ya sha daga kwalbarsa. Aka yanke masa wata shida, da aka ɗaukaka ƙara aka mai da shi wata uku. Mutane suka ta da murya ko'ina cikin ƙasar, sai ministan da ke kula da yankin ya ce kada a sa shi kurkuku, a tsare shi a wani zangon gwamnati mai suna Papunya. Ya yi wata biyu aka sake shi. Amma zuciyarsa ta riga ta karye, buroshin ma ya fita ransa. Ya rasu a asibitin Alice Springs ran 8 ga watan Agusta, 1959, da ciwon zuciya da na huhu, yana da shekara 57. Ya bar zane wajen 2,000.

Abin da ya biyo baya

Wulakancin da aka yi masa ya kunyata mutanen kirki na ƙasar, yana kuwa cikin abubuwan da suka buɗe musu ido. A 1967 aka yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, fiye da 90 cikin 100 suka yarda a gyara tsarin mulki, a riƙa ƙidaya baƙaƙen ƙasar tare da kowa. A 1968 aka buga surarsa a kan sarki na wasiƙa. A Papunya ɗin nan da aka tsare shi, a 1971, wani malamin makaranta mai suna Geoffrey Bardon ya ƙarfafa wa dattawa gwiwa suka zana labarun kakanninsu a bangon makaranta, daga nan zanen gargajiyarsu ya fita duniya. Da masana suka fahimci wannan, sai suka koma suka sāke duban aikin Namatjira, suka gane shi ma ƙasar gadonsa ya ke shaidawa, da wani harshe dabam.

Saura abu guda. A 1983 jami'in da ke kula da gadonsa ya sayar wa wani kamfani ikon buga surorinsa a kan dala 8,500, iyalinsa ba su sani ba. Shekara 34 jikokinsa na cikin talauci ba su samun ko anini daga aikin kakansu, sai a 2017, bayan doguwar fafutuka, aka mayar musu da ikon a kan dala guda. Wanda duk zai ci abinci da basirarsa a cikinku, ya riƙe wannan: takardar da ba a karanta ba ta fi ɓarawon dare ɓarna. A 2020 kuwa wani tattaɓa-kunnensa, Vincent Namatjira, ya ci kyautar Archibald ɗin nan da hannunsa, shi ne baƙin ƙasar na farko da ya ci ta.

Mu fa, ina namu?

Na fara ganin zanen Namatjira a wani littafi sa'ad da na ke kwalejin horon malamai, abin da ya tsai da ni kuwa shi ne na ga kamar gida. Ga jan dutse, ga busasshen kogi, ga shuɗin nesa irin wanda mu ke gani in hazo ya sauka. Da na fara koyarwa, na kan ce wa yara kowa ya zana abin da ya ga dama. Sai in tara takardu in ga jirgin sama, da mota, da gidan bene mai bututun hayaƙi irin na ƙasashen sanyi, da tuffa wadda ba ta tsiro a gonar uban kowa. Da wuya in ga dutse, da wuya in ga dabino, alhali ta tagar ajin ana hangen su duka biyu. Ba laifin yaran ba ne. Sun ɗauka abin da ya isa a zana shi ne abin da aka riga aka buga a littafi, abin da ke ƙofar gida kuwa ba kome ba ne.

Kada wani ya ce zane ba gadonmu ba ne. Ku je Garu ku dubi adon da magina suka yi wa bangon fadar Sarkin Dutse. Ku dubi aska takwas a gaban babbar riga, da zayyanar da alarammomi ke yi wa Alƙur'ani, da zanen ƙwarya da na lalle. In kuna son wanda ya fi waɗannan tsufa, ga Birnin Kudu nan kusa da mu. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai surorin shanu da mutanen da suka shuɗe suka zana a jikin dutse, waɗanda masu binciken tarihi suka bayyana wa duniya a shekarun 1950. Cikinsu har da shanu marasa tozo. Masu zanen sun tafi, sunansu ya ɓace, harshensu ya ɓace, amma saboda sun zauna sun zana abin da ke gabansu, ga shi yau mun san irin dabbar da ta taɓa kiwo inda mu ke noma gero.

Na san akwai wanda zai yi ɗari-ɗari saboda addini, abin kuwa a yi masa uzuri ne, gama malamanmu sun yi magana mai nauyi kan surar abu mai rai. Amma an ruwaito cewa wani mai yin surori ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi, yana neman fatawa, sai ya nuna masa ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Dutse da dabino da gajimare da fadama mafi yawan malamai sun halatta zana su. Wanda ya zauna yana lura da yadda aka ɗora wani ƙaton dutse bisa ɗan ƙarami shekaru aru-aru bai faɗo ba, ai tunani ya ke yi cikin aikin Mahalicci.

Wani kuma zai ce, ina amfanin wahala, tun da ga waya a aljihu mai ɗaukar hoto? Hoto yana da amfaninsa. Amma mai ɗaukar hoto kan danna ya wuce tun bai duba ba. Mai zane kuwa tilas ya zauna sa'a biyu ko uku, ya ƙirga tsagar dutsen, ya lura ta ina inuwa ta faɗi, ya ga ashe abin da ya ke kira baƙi ba baƙi ba ne, akwai toka-toka, akwai ja-ja, akwai inda ruwan damina ya bar masa zīrī. In ya tashi, dutsen ya shiga kansa, ba ya fita kuma. Abin da mutum ya sani haka, ba ya yarda a ɓata shi yana kallo.

Ga dalilin da ya sa na ce abin na gaggawa ne. Ni da Jihar Jigawa kusan sa'o'in juna ne, gama a 1991 aka ƙirƙiro ta aka mai da Dutse babban birninta. A idona garin ya faɗaɗa, aka yi tituna da ofisoshi da makarantu, abin farin ciki ne kuwa. Amma titi da gini tsakuwa su ke ci, tsakuwa kuwa daga dutse a ke fasa ta. Akwai duwatsun da muka hau muna yara waɗanda yau an cinye gefensu, akwai gonakin dabino da suka zama unguwanni. Itace in an sare a kan dasa wani, dutse kuwa in ya tafi ya tafi ke nan. Can Ostareliya ma, waɗansu fararen itatuwa biyu da Namatjira ya sha zanawa kusa da Alice Springs, wuta ta cinye su a 2013. Yau wanda ke son ganinsu a tsaye da ransu, zanensa na cikin abin da zai nema. Garin da aka raɗa wa suna Dutse, bai kamata jikokinku su tambaya ina dutsen ya ke ba, a rasa ko surarsa da za a nuna musu.

Ba sai kun jira akwatin fenti daga Ingila ba. Gawayin murhu ya isa, da bayan tsohuwar takarda. Jar ƙasa in an dama ta da ƙaro tana kama takarda, ga baba, ga tawadar allo. Ku zaɓi dutse guda ko dabino guda kusa da gidanku. Ku zana shi da sassafe, ku koma da la'asar ku ga yadda inuwa ta sāke masa kama. Ku zana shi da damina sa'ad da ciyawa ta rufe gindinsa, ku zana shi da hunturu sa'ad da hazo ya shanye kansa. Ku tambayi tsofaffin unguwa sunansa da labarinsa tun suna raye, ku rubuta a ƙasan takardar tare da kwanan wata. Na farko ba zai yi kyau ba, na goma ma watakila, amma sannu ba ta hana zuwa.

Ba na ce dukanku za ku zama masu zane ba. Waɗansunku likitoci za su zama, waɗansu alƙalai, waɗansu su ne za su riƙe alƙalamin da ke ba da izinin a fasa ko a bari. Ina so in ranar ta zo, ya zamana kun taɓa zama kun dubi ƙasarku da idonku. In kuma Allah ya fitar da gwani a cikinku, to, mu sauran mu riƙe shi da mutunci tun yana da rai, kada mu rataya aikinsa a zaure mu bar shi a bayan gari. Allah ya ba ku ilmi mai amfani, ya sa ku fi mu. Haza wasalam.